Na canza wa tsohuwar PS2 ɗina ido: gaskiyar abin da na gani a KHS-400C

Duk wanda ya taɓa riƙe PS2 (na'urar gem ta PlayStation 2) mai ƙiba, wato babbar nan ta farko, ya san wannan ƙarar. Ka saka faifai tire ya koma ciki, sai ka ji wani ɗan tsik tsik sau biyu ko uku, faifan ya ɗauki juyi ya saki, ya ƙara ɗauka ya ƙara saki, kai kuma kana zaune da hannun gem a cinya ka zuba wa talabijin ido kana jira. In an yi sa'a tambarin PlayStation 2 ya fito ka sauke ajiyar zuciya, in ba a yi ba ta jefa ka wancan jan allon da ke cewa ka saka faifan da ya dace, ko kuma ta rubuta maka "Disc Read Error" ta yi shiru abinta. Tawa a haka ta kwashe kusan shekara guda, yau ta karanta gobe ta ƙi, har ranar da ta daina ɗaukar DVD kwata-kwata. Shi ne na sayo mata sabon ido, wato ɓangaren da ke haska faifai yana karanta shi, samfurin KHS-400C, na saka da hannuna, yanzu wata huɗu kenan ina amfani da shi, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani saboda masu niyyar saye, don wallahi akwai abubuwan da da na san su tun farko da na huta da wahala mai yawa.

Tawa 'yar jerin SCPH-39000 ce, irin baƙar nan mai nauyi da tire ke fitowa ta gaba, mai ɗan tambarin PS a bakin tiren da ake iya murza shi ya juya in ka tsayar da ita a tsaye. PS2 ta fara fitowa ne a Japan ranar 4 ga Maris 2000, an daina ƙera ta a farkon 2013, kuma an sayar da sama da miliyan 155, to ka ga duk wadda ke hannun mutum yau ta manyanta, masu ƙiba irin tawa sun haura shekara ashirin. Ina faɗin wannan ne don kar wani ya ɗauka ƙorafi na zo yi a kan na'urar, a'a, abin da ya yi shekara ashirin yana juya faifai yana leƙa shi da haske in ya gaji ai bai yi laifi ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne yadda ciwon ya zo da zaɓe. Faifan PS1 mai baƙin ciki tana karantawa nan take, faifan waƙa na CD ma haka, shuɗayen nan na PS2 su ma ba matsala, amma da ka saka mai ruwan azurfa sai labari ya canza. Daga baya na gane ashe ba wani abin mamaki ba ne. Gilashin idon ɗaya ne amma haske iri biyu yake fitarwa, ja mai tsawon nanomita 650 shi ke karanta DVD, sai wanda idon mutum ba ya gani mai 780 shi kuma na CD ne. Baƙaƙen PS1 da shuɗayen PS2 duk CD ne, masu azurfa su ne DVD. To tunda yawancin gem ɗin PS2 a DVD suka fito, ga kuma finafinai da mutane suka yi ta kallo da ita tun lokacin da DVD ke sabon abu, ɓangaren jan hasken shi ya fi shan aiki, shi ya sa sau da yawa shi ke fara gajiya. Kuma aikin nasa ma ya fi wuya, layukan da ke jikin DVD sun fi matsuwa nesa ba kusa ba, tsakanin layi da layi maikiromita 0.74 ne, na CD kuwa 1.6, da haka aka samu cusa 4.7GB a faifan da girmansa ɗaya da mai ɗaukar 700MB. Haske ya ɗan yi rauni kaɗan, CD zai wuce lafiya, DVD ya tsaya.

Kafin in sayi komai sai da na buɗe ta na goge idon, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya fara da nan kafin ya fitar da kuɗinsa. Tsinken goge kunne da sifirit mai kyau irin aisofurofil, ka ɗan jiƙa kan audugar ba sharkaf ba, ka shafa a hankali kamar kana taɓa idon jariri, ka bari ya bushe. Gilashin a kan wasu siraran wayoyi yake lilo, in ka danna da ƙarfi ka lanƙwasa su to ka gama da shi. Ni gogewar ta ba ni kamar wata biyu na sauƙi, wasu kuma ita kaɗai ce maganin, ƙura ce kawai ta kwanta. Akwai kuma wani abu a cikin menu da mutane da yawa ba su sani ba, in ka kunna ba faifai ka danna maɓallin tirayangul na hannun gem ka shiga bayanin na'urar, a ƙarƙashin Console akwai Diagnosis, ka kunna shi sannan ka saka faifai, na'urar za ta ɗan daidaita karatunta da kanta. Ya taimaka min na ɗan lokaci shi ma. Sai da duk waɗannan suka daina aiki na yarda idon ne da kansa.

Yanzu ga kayan. Ya iso a cikin 'yar baƙar leda mai hana wutar jiki, an naɗe shi da soso, a cikin ƙaramin kwali. Wanda ya sayar min ya rubuta sabo ne fil, to ina fito da shi na kai shi kusa da fitila na juya shi, gilashin tsaf yake ba ƙura ba tabo, amma ramukan da ƙarfen dogo ke ratsawa akwai alamar goguwa a bakinsu, ga ɗan tsohon giris da ya yi ruwan ƙasa a lungu, ga kuma ramin sukuru da ka gani ka san an taɓa ɗaura wani abu an kwance. Wannan ba sabo ba ne, an ciro shi ne daga wata na'urar aka wanke aka daidaita. Gaskiya abin ya sosa min rai, ba don kayan gyare ba su da amfani ba, a'a, don dai a faɗa wa mutum abin da yake saye ya san da me ya kwana. Da ya rubuta gyararre ne ma zan saya, tunda na san na'urar da aka daina ƙerawa fiye da shekara goma ba kowane lungu za ka samu kayanta a leda ba. Don haka in za ka saya ka sa a ranka akwai yiwuwar haka za ka samu, ka nemi mai sayarwar da zai karɓi abinsa in bai yi ba, wannan sharaɗin ya fi min duk wani daɗin bakin da aka rubuta a talla.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci, kar ka yi oda sai ka buɗe taka ka karanta lambar da ke jikin idonta. Ba duk masu ƙiba ke amfani da ido iri ɗaya ba. Akwai KHS-400A da 400B a na farko-farko, akwai 400C, akwai 400R, sannan akwai SF-HD7 na kamfanin Sanyo da ake samu a wasu 39000 da 50000. Za ka iya samun na'ura biyu lambar bayansu ɗaya amma idon ciki daban. Kuma na'urar tana riƙe da saitin irin idon da aka haife ta da shi a cikin wata 'yar ma'ajiya a kan fanel, wato allon lantarkin na'urar, in ka cire HD7 ka dasa 400C ba tare da an canza wannan saitin ba, zai iya shiga ya zauna daram amma karatu ya ƙi daɗi, ka yi ta zagin kaya alhali ba laifinsa ba ne. Akwai manhajar da masu gyara ke amfani da ita wajen canza saitin, LensChanger, amma in za ka iya guje wa wannan hanyar ka guje mata, ka sayi irin wanda ka ciro kawai. Ni na yi sa'a 400C na tarar a ciki.

Buɗe ta ba wuya amma akwai tarko ɗaya. Ka fara zare wayar wuta gaba ɗaya, ba kashe makunnin baya kawai ba, don mai ƙiba gidan wutarta a ciki yake. Ka kifa ta, sukurorin suna ɓoye ƙarƙashin 'yan murafan roba da na filastik, ka ɓamɓare su da farce, ka lura wasu sukurorin dogaye ne wasu gajeru, ka jera su yadda ka ciro su. To lokacin ɗaga murfin sama nan ne tarkon, a irin tawa maɓallan kunnawa da na fito da tire a jikin murfin suke, kuma wata siririyar ribon ce ta haɗa su da ciki, in ka fizge murfin sama kai tsaye ka tsinka ta, ka zo gyaran ido ka koma da na'urar da ba ta kunnuwa. Ka ɗaga daga baya a hankali ka kwantar da shi gefe kamar kana buɗe littafi.

Daga nan sai baƙin murfin da ke kan gidan faifan, ƙananan sukurori ne, kana ɗaga shi za ka ji ɗan ja saboda mayen ƙarfen da ke danne faifai a jikinsa yake. Ni a nan na ɗan tsaya ina kallo, don abin da ke ciki ya burge ni. Moto uku ne kowa da aikinsa, ɗaya na fitar da tire da mayar da shi ta hanyar ɗan bel na roba, ɗaya na juya faifai, ɗaya kuma na juya wani dogon ƙarfe mai zare kamar sukuru. Idon yana zaune a kan ƙarfen dogo guda biyu masu santsi, sai wani ɗan hannu na filastik da aka ɗaura a jikinsa yana cizon zaren wancan dogon ƙarfen, ƙarfen na juyawa idon na tafiya, daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa, don faifai daga ciki ake fara karanta shi zuwa waje. Shi kuma gilashin kansa wasu 'yan koyil, wato naɗaɗɗun wayoyi, ne ke ɗaga shi sama da ƙasa da gefe da gefe, suna bin layin da ya fi gashin kai siranta nesa, a kan faifan da ke gudu yana ɗan rawa. Wannan tsik tsik ɗin da muke ji a farko shi ne gilashin ke hawa da sauka yana neman inda rubutu yake, yana tantance CD aka ba shi ko DVD, tunda a CD rubutun yana can kusa da bayan faifan wajen zane, kusan milimita 1.2 daga ƙasa, a DVD kuma yana tsakiya a 0.6. Shi ya sa ma karce a saman CD wajen zanen ya fi karce a ƙasansa haɗari, mutane da yawa suna kifa faifai a kan zanensa suna ganin kariya suka yi masa.

Cire tsohon ido: ka kwance abin da ya riƙe ƙarfen dogo, ka zare ƙarfen, ka buɗe ɗan makullin ribon da farce ka zare ta a hankali. Sabon ba ya zuwa da ɗan hannun filastik ɗin, dole ka kwance na tsohon ka ɗaura masa, haka ma wani ɗan sukuru mai kan tauraro da ke daidaita tsayin idon. Wannan sukurun kafin ka taɓa shi ka ɗauki hotonsa, ka ƙirga zagaye nawa ka yi wajen kwance shi, ka mayar daidai haka a sabon. In ya yi ƙasa da yawa ido ya yi nisa da faifai, in ya yi sama gilashi ya iya taɓa faifan ya zana masa zobe.

Sai babban abin da ke kayar da mutane, ɗigon dalma. Ana haɗe wasu ƙafafu a jikin ɗan fanel ɗin idon da dalma da gangan, don kar wutar jikin mutum ta ƙona shi a hanya. In ba ka cire wannan ɗigon ba idon ba zai yi haske ba sam, za ka haɗa komai ka kunna faifai ya ƙi ko motsi, ka ce an sayar maka da matacce. Na tabbata da yawa daga masu cewa nasu ya zo a mace wannan ne. Ka ɗora bakin ayon ɗin dalma na ɗan lokaci kaɗan, ka janye dalmar da abin zuƙa ko wayar tsotsa, ka duba da kyau ka ga ƙafafun sun rabu. Kar ka daɗe da zafi a wurin, kuma ka taɓa wani ƙarfe ka sauke wutar jikinka kafin ka kama shi, don daga lokacin da ka cire ɗigon nan ba shi da sauran kariya.

Na haɗa, na kunna, na saka faifan ƙwallo mai azurfa wanda ta yi wata da watanni tana ƙi. Tsik ɗaya, faifai ya ɗauki gudu, tambari ya fito. Wallahi na ji daɗi sosai, irin daɗin ganin wanda ya daɗe a kwance ya tashi ya zauna.

To amma gwajin gaskiya ba a nan yake ba. Na saka San Andreas, don wannan gem ɗin ba ya barin ido ya huta, kana tafiya a gari yana ɗebo tituna da gine-gine daga faifai ba tsayawa, in ido na da rauni za ka ga ka shiga unguwa da gudu titi bai gama fitowa ba, ko gidan rediyon mota ya riƙa yankewa. Minti ashirin na farko lafiya lau, sai na fara jin wani ƙar ƙar ƙar daga ciki duk lokacin da idon zai yi doguwar tafiya, hoto ya ɗan daskare sannan ya ci gaba. Raina ya ɓaci na ce shi kenan kayan banza aka ba ni. Sai da na sake buɗewa na tura idon da yatsa a kan dogonsa na ji yana cijewa, tsohon giris ɗin ya bushe ya zama kamar danƙo ya haɗu da ƙura, shi kuma ɗan hannun filastik haƙoransa sun ɗan cinye, moto na juyawa shi yana zamewa a kan zaren, ƙarar da nake ji kenan. Na wanke ƙarafan biyu tas da sifirit, na shafa farin giris ɗan kaɗan wanda ba ya cin filastik, na canza hannun da wani da na ciro daga wata matacciyar na'ura. Ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, mu dai da faifai ya ƙi karantuwa sai mu ce ido ya mutu, alhali idon ɗaya ne daga cikin abubuwa kusan biyar da dole su yi aiki tare. Har yanzu ina zargin tsohon idona da na fara wanke masa dogo da ya ƙara min wasu watanni, shi ya sa ban yar da shi ba, yana nan a leda.

Haka ma matsalar shuɗayen faifai, wasu na'urorin za ka ji suna wani gurnani in an saka shuɗi amma azurfa lafiya, nan ma sau da yawa ba ido ba ne, robar da ke kan abin juya faifai ce ta yi santsi faifan na zamewa, shi ya sa a da za ka ga mutane na manna salatif a saman faifan kusa da ramin tsakiya. Goge robar ya fi. Tire mai ƙin fitowa kuma sai an ɗan buga saman na'urar, bel ne ya saki.

Gwaji na ƙarshe shi ne faifai mai hawa biyu, irin God of War II da Gran Turismo 4, masu ɗaukar har 8.5GB. A irin waɗannan dole hasken ya ratsa hawan farko ya karanta na biyu, abin da ke dawowa ido ya ragu sosai, don haka ido mai rauni nan yake fara tona kansa, gem ya fara lafiya sai an yi nisa ya tsaya a bidiyo ko a lodin. A nan ne zan rage wa wannan idon maki. Yana karantawa, na buga God of War II har ƙarshe, amma sau biyu bidiyo ya yi tsalle, kuma akwai ranar da sai da na fitar da faifan na mayar kafin ta gane shi, faifan kuma tsaf yake ba karce. Masu hawa ɗaya da CD kuwa a wata huɗun nan ko sau ɗaya bai ba ni kunya ba, lodin ma ya dawo yadda na san shi da, ita dama na'urar gudunta 24x ne a CD, 4x a DVD, ba za ka samu fiye da haka ba ko wane ido ka saka.

Na san wani zai ce to ka murza fot mana. Fot su ne wasu 'yan sukurori biyu ƙanana da ke ƙasan idon, ɗaya na CD ɗaya na DVD, in ka rage musu juriya wuta ta ƙaru hasken ya ƙara ƙarfi. Eh yana aiki, amma kamar ka yi wa gajiyayyen doki bulala ne, zai ruga na ɗan lokaci sannan ya faɗi gaba ɗaya. Ni ban taɓa na sabon ba kuma ba zan taɓa ba sai ranar da ya fara gazawa. In dole sai ka yi, to ka sa mitar awon lantarki ka auna juriyar ka rubuta abin da ka tarar, ka rage kaɗan kaɗan kana gwadawa, murzawar da ido da ƙyar zai gani ta isa ta canza lamba da yawa. Masu murzawa da ka ba mita su ne ke ƙona ido a dare ɗaya. Haka farin giyan nan, ɗan zagaye mai haƙora da ke cikin na farko-farko, wanda ke daidaita karkatar ido, ka sa masa alama da biro kafin ka juya shi ko haƙori ɗaya. Kuma don Allah in kana gwaji murfi a buɗe kar ka leƙa cikin gilashin, na CD ɗin ba ka ganinsa amma yana nan yana fita.

Masu SCPH-50000 su ƙara kula. Wannan samfurin da ya fito a 2003 yana da daɗi, fankarsa ba ƙara, yana karanta DVD-R da RW a hukumance, amma an san shi da wata matsala, in ya haɗu da faifai mai wahalar karatu ɓangaren da ke sarrafa gidan faifan kan iya maƙalewa ya bar wuta tana kwarara cikin koyil ɗin ido har su ƙone, wani lokacin har da aisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke tuƙa su, LA6508. In aisin ya ƙone ka saka sabon ido to shi ma zai iya binsa. Alamar ita ce gilashi ba ya hawa da sauka sam, ko ka ji ƙaurin ƙuna. Irin wannan a fara auna fanel tukuna. Siririyar PS2 da ta fito a ƙarshen 2004, jerin 70000, na farkonta su ma suna da wannan halin, ga kuma nata na daban, ribon ɗin ido in gam ɗinta ya saki sai ta ɗago ta riƙa gogar faifai tana zana masa zobe, in ka ga zobe a faifanka ka tsaya nan take ka manne ta. Ita siririya ma idonta daban ne, irin su SPU-3170 da PVR-802W, wannan da nake magana a kai ba zai shige ta ba.

Wannan batun ɗora wa ido laifin da ba nasa ba yana tuna min da PS1 ta farko da mutane ke kifawa ciki sama kafin ta karanta, can ma ba hasken ne matsalar farko ba, filastik ɗin da idon ke zamewa a kai ne ke cinyewa ido ya karkace, kifawar ce ke mayar da shi daidai.

To shin in ba da shawarar a saya? Eh, ga wanda ya goge, ya wanke dogo, ya duba hannu da bel, ya tabbatar lambar idonsa 400C ce, kuma yana da ayon da zai cire ɗigon nan ko yana da wanda zai cire masa. Ga irin wannan mutumin kayan ya biya, ya dawo min da na'urar da na fara fidda rai da ita. Wanda kuma yake tunanin zai ɗaura kawai komai ya dawo kamar ranar da aka ciro ta a kwali, zai iya jin haushi, musamman in gem ɗinsa masu hawa biyu ne. Da za a ce in ba shi maki cikin goma zan ba shi bakwai, ɗaya na cire saboda hawa biyu, biyu saboda an kira shi sabo ba sabo ba.

Abin da nake yi yanzu don ya daɗe, na daina ba shi faifai masu karce da kofe marasa kyau, don su ne ke sa shi ya yi ta nema yana ƙara wahala. Mai ƙiba irin tawa tana da ɗaki a baya da ake saka HDD, wato ma'ajiyar bayanai irin ta kwamfuta, ta hanyar adaftar netwok, to gem ɗin da nake bugawa kullum na kwafe su daga faifaina zuwa can ina kunna su da wata manhaja mai suna Open PS2 Loader, lodin ya fi sauri ma, USB kam ban ba da shawara ba don tsohon 1.1 ne marar sauri, bidiyo sai ya yi ta tsinkewa. Amma PS1 da faifan da nake marmari har yanzu ta tire nake saka su, don ni a wurina rabin daɗin na'urar nan shi ne in danna maɓalli shuɗiyar fitila ta yi ƙyafta, tire ya fito, in ɗora faifai in ji ya ɗauki juyi. Jiya da daddare ma wani baƙin faifan PS1 na saka mata wanda ya girme ta da shekaru, tsik ɗaya ta ɗauka.